Araha Da Nagarta A Jirgin Ruwan Iyali

Mu mutanen Kafanchan idan aka ce jirgi, to, hankalinmu kan jirgin ƙasa yake tafiya, domin tun cikin shekarun 1920 da hanyar dogo ta iso, garinmu ya zama mahaɗar hanyoyin Fatakwal da Kaduna da Jos. Ruwan da muke alfahari da shi kuwa, watau Matsirga, daga kan dutse yake zubowa, na kallo ne kurum. Amma akwai 'yan'uwanmu da yawa a kudancin Jihar Kaduna, musamman mazauna bakin kogin Gurara, waɗanda in damina ta yi nisa ba su da hanyar gona ko kasuwa ko asibiti sai ta kwale-kwale. Ƙanena yana cikinsu, shawarar da ya kawo mini kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Shi manomin citta ne, gonarsa da makarantar 'ya'yansa duk suna hayin kogi. Da ya gaji da biyan kuɗin fito da jiran 'yan fito, sai ya tara abin da ya samu don ya mallaki jirgin kansa. Aka yi masa tallar guda biyu. Na farko tsohon hannu ne, dogo siriri, na katako mara nauyi, yana yanka ruwa kamar kibiya, kuɗinsa kuma bai fi rabin na ɗayan ba. Na biyu sabo ne na maɗaci, gajere mai faɗin ciki, mai nauyin tuƙi. Ya ce mini, "Yaya, in na ɗauki mai arahar, canjin zai isa in sa masa inji, ka ga na huta da filafili." Na ce ya dakata mu yi lissafi tukuna.

Ko da yake ni ba matuƙi ba ne, na daɗe ina karanta labaran jiragen ruwa, na kuma lura wannan gardama ta sauri da araha da lafiya Turawa sun sha ta kafin mu. Suna da ƙananan jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska, waɗanda ake kafa wa dogon sanda a tsakiya a ɗaura masa babban ƙyalle, iska ta riƙa tura shi. A ƙarƙashin jirgin akwai faffaɗan ƙarfe mai nauyi wanda yake hana shi kifewa in iska ta karkatar da shi. Da can sai attajirai suke mallakarsu. Daga shekarun 1960, da aka ƙware wajen ƙera su da faiba, watau zaren gilashi da ake haɗawa da ƙaro a zuba a mazubi, sai kuɗinsu ya sauko har ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya saye, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa su kwana a ciki.

A Ingila wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan shi ne Westerly Centaur, mai tsawon ƙafa 26, wanda aka fara ƙerawa a 1969, aka kuma yi fiye da 2,400 kafin a daina a 1980. Masu son tsere ba su yaba shi ba, gama in zai fuskanci iska ba ya kai wa na tsere. Amma magidanta suka yi ta saye, saboda cikinsa da yalwa, jikinsa da kauri, ga ƙarfen nauyi guda biyu a ƙarƙashinsa, in ruwan teku ya janye sai ya zauna daram a kan laka, mai shi ya tsira daga tsadar ma'ajiya mai zurfi. A Amurka ma, Catalina 22 da Frank Butler ya fito da shi a 1969 an ƙera fiye da 15,000, domin ana iya jan sa da mota a ajiye shi a gida. Har yau ana cinikin tsofaffinsu, kuma masu saye sun san cewa injin da ya gaji da ƙyallen da ya tsufa suna iya cin kuɗin da ya fi na jirgin kansa.

Abu na farko da na koya daga nan shi ne, sauri a ruwa yana da iyaka. Jirgi mai nauyi yana tura igiyar ruwa a gabansa, tsawon jikinsa da ke cikin ruwa kuma shi yake yanke masa iyakar gudu. Jirgi irin Centaur da ƙyar yake wuce mil 7 a awa, kome ƙarfin iska ko inji. To, balle kogin da za a ƙetare cikin 'yan mintoci, me sauri zai ƙara wa mutum?

Na biyu kuwa, ba a sanin halin jirgi sai ranar da ruwa ya ɓaci. A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka shiga tseren Fastnet tsakanin Ingila da gaɓar Ailan, guguwa ta auka musu, matuƙa 15 suka rasu, waɗanda suka kammala ba su kai 90 ba. Da yawa daga cikin marasa nauyi da aka ƙera don gudu suka yi ta kifewa, alhali wani ƙarami mai nauyin gindi, ƙirar Contessa 32 mai suna Assent, shi kaɗai ya kai ƙarshe a cikin ajinsa. A nan akwai bambanci da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Jirgin Turawa ƙarfen ƙasa yake tsai da shi, kwale-kwalenmu kuwa ba shi da wannan, faɗin cikinsa da tsayin gefensa a bisa ruwa su ne duk ƙarfinsa. Siririn kwale-kwale, da yaro ɗaya ya miƙe tsaye ko buhu ya gangara gefe, sai ya sha ruwa.

Mu ma muna da namu darasin, mai ɗaci ƙwarai. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da aka cika maƙil ya tsage a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, aka tsamo gawa fiye da 70. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara, a tafkin Watari na Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka halaka, galibinsu yara 'yan makaranta. A Yuni na 2023 fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka nutse a yankin Patigi na Jihar Kwara. Dalilan da ake ambata kullum su ne dai tsufan jirgi, da lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Saboda haka muka tafi da ƙanena da wani tsohon kafinta muka duba jiragen nan biyu. Tsohon ya soka tsinin wuƙa a gindin mai arahar, sai ta shige kamar cikin dafaffen rogo, ya nuna mana ƙusoshi sun yi tsatsa, an kuma shafe tsagogi da kwalta a sama-sama. Ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, wannan damina biyu zai yi maka, kowace safiya kuma sai ka kwashe ruwa." Na maɗacin kuwa, in ana jawo shi inuwa da rani ana sabunta kwaltarsa, zai daɗe ƙwarai. Da muka raba kuɗin kowanne a kan shekarun da zai yi, muka ƙara kuɗin gyara da na man inji, sai mai arahar ya fito shi ne mai tsada. Gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.

Ya sayi na maɗacin, ya haƙura da inji, abin da ya rage ya sayi rigunan ruwa, har da ƙanana daidai jikin yara. Sa'an nan muka ari wata dabara daga Ingila, inda a 1876 wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fama har aka yi dokar zana alamar iyakar lodi a jikin jirage. Muka ja layi da jan fenti a gefen namu, muka bar kimanin taƙi ɗaya tsakaninsa da baki. In ruwa ya taɓa layin nan, ko buhun citta ɗaya ba a ƙarawa, sai a yi sawu biyu. Wannan ita ce doka mafi wuyar kiyayewa, domin ranar kasuwa maƙwabta sukan taru a bakin kogi, hana su kuma akwai nauyi. Amma layin ya sauƙaƙa masa, gama yanzu ba sai ya yi musu da kowa ba, nuna shi kurum yake yi.

Ina kira ga magidanta na bakin Gurara da Kaduna da Kwara da Binuwai, duk mai niyyar sayen jirgi ya tafi da wanda ya san katako, ya tambayi nawa jirgin yake ɗauka, ya kuma ware kuɗin rigunan ruwa tun kafin ya fara ciniki. Sarakunan ruwa da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa da ke Lakwaja su ma ya kamata su sa a zana irin wannan layi a kowane jirgin fito. Allah ya ƙetarar da mu lafiya.