Ƙaramar Kwamfutar da Sai Ta Tambayi Ƙarfe Nawa



Mu kaɗan ne, warwatse tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, kuma abin da ya haɗa mu rubutu ne da tsadar data. Shi ya sa muka yi karo-karo muka sayi Raspberry Pi, wata kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012. Sola muke jona mata. Ranar haɗuwa kowa ya kama ta da wayarsa, ya zuba babin da ya rubuta, ya kwashi na wasu ya je ya yi gyara.

Irin tamu ba ta da agogo mai batir a cikinta. An bar shi ne don kuɗinta ya yi sauƙi. Duk lokacin da aka kunna ta, sai ta shiga intanet ta tambayi ƙarfe nawa, ta hanyar wani tsari da ake kira NTP, wanda David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara tun 1985.

Yadda take tambayar yana burge mu. Kamar ka aiki yaro ne ya dubo maka agogon masallaci. Kafin ya dawo ai lokaci ya matsa, don haka amsar da ya kawo ta riga ta tsufa. Mai hankali sai ya lissafa tsawon zuwa da dawowar yaron, ya raba biyu, ya ɗora a kan amsar. Haka na'urar take yi, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Kuma ba ta dogara da baki ɗaya: takan tambayi kwamfutoci da yawa, wadda amsarta ta kauce wa ta saura sai ta yi watsi da ita. Kowace cikinsu ma tana faɗin matakai nawa ne tsakaninta da babban agogon asali. Wani ɗalibin hadisi a cikinmu da ya ji wannan sai ya yi dariya, ya ce ashe lokaci ma da isnadinsa.

To amma duk wannan sai da sabis. Mutanen gabashin Sakkwato ba sai an ba su labari ba. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro, ciki har da Rabah da Goronyo. Ko ba haka ba, akwai ƙauyukan da har gobe sai an hau tudu ake samun layi.

In babu sabis na'urar ba za ta ce maka ba ta sani ba. Sai ta ɗauko lokacin ƙarshe da ta ajiye kafin ta mutu, ta ci gaba daga nan kamar ba ta yi barci ba. In batirin sola ya ƙare ranar Litinin aka kunna ta Alhamis, a wurinta har yanzu Litinin ce. In ma ba ta samu abin da ta ajiye ba, tana iya komawa 1 ga Janairu 1970, inda irin waɗannan kwamfutoci suke fara ƙidaya.

Ga inda abin ya shafi marubuci. Ka ce wata 'yar uwa ta gyara babinka ranar Alhamis ta ajiye a na'urar, aka buga masa kwanan Litinin. A wayarka kuma akwai tsohon kwafi na Talata. Manhajar da ke daidaita fayiloli ba ta karanta labari, kwanan wata take dubawa. Sai ta ɗauki na Talata a matsayin sabo, ta danne gyararren da shi. Wahalar dare uku ta tafi, ba wanda ya taɓa komai. Haka in gasa muka sa da wa'adi, da me za a raba gardamar wanda ya riga miƙawa?

Maganin ɗan ƙaramin allo ne mai suna DS3231, da batir irin na agogon hannu mai faɗi, CR2032. Ko an kashe kwamfutar shi yana ta ƙidaya, kuskurensa a shekara bai fi kamar minti ɗaya ba. Mun zaɓe shi ne don yana auna zafi yana gyara kansa. Wanda ya san ɗakin kwano a Goronyo cikin watan Afrilu ya san dalili. Akwai masu sa GPS su karɓi lokaci daga tauraron ɗan'adam ba tare da data ba, sai dai a ganinmu wannan ya fi ƙarfin buƙatar masu ajiye gajerun labarai. Raspberry Pi 5 da ta fito a 2023 ta zo da agogonta, batir kawai za a saya mata.

Kada a manta a saita ta a lokacin Legas, in ba haka ba tana iya nuna agogon GMT, awa ɗaya baya da namu. Kuma kada wani ya ce zai gwada ta da inuwa. A Wurno rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen sha biyu da minti arba'in, wani watan ta riga haka da kamar kwata, wani watan ta makara.

Yanzu duk ranar da aka samu sabis mai kyau mukan bar ta ta tambayi intanet, ta rubuta amsar a ɗan allon. Batirin kuma mun manna takarda a jikin akwatin da ranar da muka sa shi.