Wasa Ma Karatu Ne

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa. To, mu da muka tashi a Rijiyar Zaki ba a takarda muka ga wannan ba. Kowane lokaci da wasansa. Da damina mu kwaɓa laka mu gina shanu da tukwane. Da kaka, in an girbe dawa, mu feƙe kara mu yi mota da tabarau, 'yan mata kuwa su yi wa 'yartsana kitso, su tuƙa tuwon ƙasa. A nan muka fara ƙirga, muka san babba da ƙarami.

Yau yawancin gonakin sun zama gidaje. Na leƙa wani ajin 'yan shekara uku a unguwar, na tarar da su tsit, ana ɗura musu haddar Turanci, ba laka ba kara.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malamai. Mu ware mako guda don damina, wani don kasuwa, mu shigo da ƙwarya da kara da laka cikin aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma fa a hankali.