Shafin Majami'armu: Zaure Ne, Ba Ɗakin Amarya Ba

Jama'a, kowa ya san aikin zaure a gidan Bahaushe. Nan baƙo ke yin sallama, a gaya masa ko maigida na nan, ya sha ruwa ya kama gabansa. Ba a jera kwanuka da tasoshi a zaure, wannan sai ɗakin amarya. To, ni a ganina shafin intanet na ƙaramar majami'a zaure ne, kuma da wannan tunani na karɓi aikin gyara na majami'armu da ke Gusau lokacin hutu.

Shafin da na tarar yana da sassa 12, duk da Turanci, ga hotuna jibge, ga waƙar da ke tashi da kanta. Kafin ya buɗe a ƙaramar waya, datar mutum ta tafi. Alhali kuwa cikin masu zuwa sujada akwai na Tsafe, a kan hanyar Funtuwa, da na Bunguɗu, a kan hanyar Sakkwato, kuma abin da suke nema bai wuce uku ba: yaushe za a fara, a ina, kuma ko an ɗage. A ƙasar da 'yan bindiga ke tare hanya, wanda ya taso daga Tsafe ya tarar an ɗage taro ba kuɗin mota kaɗai ya yi asara ba, ransa ya sa a kasada a banza.

Sai na mai da sassan nan shafi 1 tak. A sama lokutan sujada, sa'an nan kwatancen wuri, sa'an nan sanarwar mako. Na sa Hausa a gaba, Turanci a baya. Ai tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don me za a hana ta ɗan shafin sanarwa?

Inda aka ja daga shi ne hotuna. Zumuntar mata na son nasu, mawaƙa na son nasu, ga kuma sunayen dattawa da lambobin wayarsu. Na ce wa Fasto, "Baba, abin da ɗan'uwa ke gani a shafin nan, shi mai garkuwa da mutane ke gani." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Ɗana, tsaron kaya ya fi ban cigiya. Cire su." Muka bar lamba guda ta ofis. Wasu iyayenmu mata har yau suna yi mini ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba, don kowa na son a ga kwalliyarsa.

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet. A lokacin, saƙo ya koma bakin direba da 'yar takarda. Shi ya sa na kafa wa kaina ma'auni: duk sanarwar da ba za a iya kwafe ta a bayan ambulan a ba mai mota ba, ta yi tsawo.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai masu koyon kwamfuta, in an ba ku irin wannan aiki, na majami'a ne ko na masallaci ko na ƙungiyar ƙauye, ku fara tambayar wane ne zai buɗe shafin, da wace waya, kuma me zai same shi in bai ga abin da ya zo nema ba. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.