Karatu Da Aikin Gayya

Mu da muka fara da makarantar allo mun san wata al'ada tun muna yara. Malam ba shi iya biya wa almajirai duka allunansu shi kaɗai, sai ya sa gardi ya biya wa ƙolo. Ƙolo ya sami karatu, shi kuwa gardi tilawarsa ta zauna, domin abin da mutum ya maimaita wa wani ba shi saurin ɓace masa. Wato kowa ya ci riba. To, ashe akwai manyan makarantu a ƙasar Amurka da suka ɗauki irin wannan hanya, har suka haɗa ta da hidimar gari.

A birnin Filadelfiya akwai Jami'ar Pensilbaniya, tsohuwar makaranta ce mai dukiya, amma unguwannin da ke kusa da ita na talakawa ne da yawa. Cikin shekara ta 1985 waɗansu malamanta, cikinsu har da Ira Harkavy, suka sa ɗalibansu su yi binciken abin da jami'a za ta iya yi wa maƙwabtanta. Ɗaliban suka kawo shawara a tara samarin unguwa, 'yan makarantun sakandare, a yi aiki tare. Aka fara da shara da fenti da shuke-shuke a wata makarantar yara. Abu ya yi ta girma, har a 1992 jami'ar ta kafa ofis na musamman domin wannan sha'ani.

Abin da ya fi burge mu shi ne aikin wani malami, Francis Johnston, mai koyar da ilmin abinci da girman jikin ɗan Adam. Ya kai ɗalibansa makarantar unguwa, suka riƙa auna tsawon yara da nauyinsu, su da yaran, suna rubuta abin da kowa ya ke ci. Daga nan aka sami lambuna a makarantu, 'yan sakandare na nomawa suna sayar da kayan lambu ga mutanen unguwa. A 2007 kuma aka buɗe ɗakin shan magani a makarantar sakandare ta Sayre, wanda jama'ar wurin ke zuwa. Ba aikin sa kai ba ne kawai na ranar hutu, cikin darasi ya ke, a kan ba da maki a kansa.

To, 'yan'uwa, mu dubi kanmu. Mu ma mu kan fita koyon aikin koyarwa. Mu kan shiga aji da littafin shirin darasi, malami ya zauna a baya ya ba mu maki, in kwanaki suka cika mu ɗaure kaya mu komo. Mu mun sami abin da muka je nema. Amma in aka tambayi mutanen garin me zuwanmu ya bar musu, me za su nuna? Gobe kuwa cikin irin garuruwan nan za a tura mu aiki, kuma iyayen da ba su ga amfanin makaranta da idonsu ba, da wuya su bar 'ya'yansu su daɗe cikinta. Gani ya kori ji.

Shawararmu ita ce kowane aji na kwalejin nan ya ɗauki aji guda na sakandare su zama abokan aiki shekara guda. Masu lissafi su auna filin makaranta da zurfin rijiya tare da yara. Masu ilmin tsirrai su kafa wurin renon itatuwa. Masu Hausa su bi tsofaffi su rubuta tarihin gari kafin ƙasa ta rufe masu shi. Yaron sakandare ya fi mu sanin garinsu, ya san ƙofar da za a yi sallama da wanda za a fara gaisarwa. Mu kuwa mun ɗan fi shi sanin littafi. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Sai dai akwai sharaɗi uku. Na farko, a tambayi mai gari da iyaye da malaman makarantar abin da su ke bukata, kada mu je musu da namu a hannu. Na biyu, bayan kowace fita a zauna a aji a tattauna abin da aka gani, a haɗa shi da darasi, in ba haka ba ya zama ƙwadago kurum. Na uku, aji mai fita ya danƙa aikin ga mai bi masa, domin itacen da aka dasa aka bar shi ba ban ruwa, gara ba a dasa ba.

Muna roƙon malamanmu su duba wannan magana, su gwada ko da aji ɗaya ne bana. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani jama'armu da shi, amin.