Lambun da Guguwa Ta Kwantar a Jamaika

Ni dai a sanina, in an ce iska ta yi ɓarna, to hadarin farkon damina ake nufi. Gabas ta yi ja, ƙura ta taso, a kwashe shanya, a rufe tagogi, kafin wani lokaci ta wuce ruwa ya sauka. Da safe a ga kwanon rufi a gidan maƙwabci, a ga darbejiya ta faɗi a bakin hanya, kafin azahar an sassare ta an yi itacen girki. Da wannan ma'aunin na isa gundumar St Elizabeth da ke kudancin Jamaika, jim kaɗan bayan guguwar Beryl ta bi gaɓar tekun a ranar 3 ga Yulin 2024, da iska mai gudun fiye da kilomita 200 a awa. Tsakiyar guguwar ma ba ta hau tudu ba, gefenta kawai ya shafi tsibirin. Amma gefen nan ya isa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne launin wurin. Na zaci zan tarar da kore shar da laka, tunda ruwa aka yi. Sai na ga bishiyoyi tsirara, ganyen da ya rage a jikinsu ya yi ja ya ƙanƙance kamar an bi gonar da wuta bayan girbi. Dattijuwar da ta sauke ni a gidanta ta sa na lashi wani ganyen mangwaro. Gishiri! Iskar ta ɗebo ruwan teku ta yi ta feshi da shi har nesa da gaɓa, shi kuma gishiri in ya zauna a kan ganye yana zuƙe ruwan cikinsa. Don haka aikinta na farko, bayan ta tsince ƙusoshi da gutsattsarin kwano daga cikin lambun, shi ne wanke ganyen tsirranta da ruwan daɗi. Ni da na taso ina jin cewa ruwa na gindi ne, ba a ɓarnatar da shi a kan ganye, na tsaya ina kallonta tana yayyafa wa ƙaramin lemo ruwa daga sama har ƙasa.

Kuma ba wai ruwan ya yi musu yawa ba ne. Nan ne mamakina ya ƙaru. Kudancin St Elizabeth busasshen yanki ne, duwatsun tsibirin suna tare masa hadari, har tsirrai masu ƙaya irin na hamada suke fitowa a bakin teku. Duk da haka shi ne rumbun ƙasar: kankana, tumatir, albasa mai lawashi, karas, daga nan ake lodinsu zuwa kasuwannin Kingston. Dabararsu ita ce su yanko wata doguwar ciyawa su shimfiɗa ta da kauri a kan ƙasa don ta riƙe danshi, sannan su bi tsiro ɗaya-ɗaya da gwangwani daga duro. Bayan Beryl wutar lantarki ta ɗauke na tsawon makonni a wurare da yawa, famfuna suka tsaya. Ruwan da dattijuwar nan take wanke ganye da shi daga tankin gidanta yake, wanda da shi take sha take girki. Sai ta zaɓa. Lemon da mangwaron da ta ɗaura wa aure sun samu, furannin ƙofar gida ba su samu ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne wajen bishiyoyin da suka faɗi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in ɗauki adda, domin a wurinmu bishiyar da ta kai ƙasa ta zama makamashi. Na ce mata, Mama, wannan fa sai sara. Ta girgiza kai, ta ja ni gindin wata matashiyar bishiyar fiya da ta kwanta a kan shinge. Rabin saiwoyinta sun fito fili, rabin kuma suna cikin ƙasa. Tun washegarin guguwar ta lulluɓe waɗanda suka fito da jiƙaƙƙen buhu, saboda saiwa in ta sha rana da iska ta bushe, shi ke nan. Da maƙwabta suka hallara, sai aka haƙa rami a gefen da saiwar ta tumɓuke, aka rage rassan sama da zarto don nauyi ya ragu, kuma don saiwar da ta rage ta iya ciyar da abin da ke kanta. Sannan aka ɗaga ta a hankali, ba fizga, aka mayar da ƙasa aka danne da ƙafa, aka kafa turaku uku, aka ɗaure ta da igiyar da aka zura cikin tsohon tiyo don kada ta yanke ɓawon. A ƙarshe jikanta ya kawo farar ƙasa ya shafe kututturen. Na ɗauka ado ne, irin wanda ake yi wa bishiyoyin bakin titi in babban baƙo zai zo. Ashe kariya ce. Ɓawon da ya saba zama cikin inuwar ganye, in rana ta buge shi kai tsaye ƙonewa yake yi ya tsage.

Aikin taron nan ya tuna mini da gayya. Su ma suna da irinta tun kaka da kakanni: yau a yi naka, gobe a yi nawa, mai gida ya dafa abinci.

Manyan bishiyoyin da suka fi ƙarfin ɗagawa kuwa, wasu an bar su a kwance, muddin akwai saiwa a ƙasa, domin sukan yi toho daga nan inda suke. Waɗanda suke tsaye tsirara ma ba a yanke musu hukunci da ido. Farce ake sawa a kankare ɓawon reshe kaɗan. In ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, a bar shi ya huta. Kwakwa kuma tana iya rasa kusan duk ganyenta ta farfaɗo, in dai ƙoƙon da ke can ƙololuwarta bai karye ba. Rassan da suka tsage kaɗai ake yankewa, yanka mai santsi, don ruwa kada ya kwanta a ciki ya kawo ruɓa.

Na tambayi dattijuwar batun taki, tunda a tunanina mara lafiya abinci yake so. Ta ce sam, ba yanzu ba. Saiwar da ta ji rauni ba ta iya ɗaukar takin zamani, ƙona ta zai yi, ga kuma gishirin teku da tuni yake cikin ƙasar. Sai sabon ganye ya leƙo tukuna. Ganyayen da guguwar ta kakkaɓe ma ba ta share su ta cinna musu wuta ba, yadda muka saba yi da shara. Ta tattara su ta sassara ta baza a gindin bishiyoyi. Na tambayi kaina sau nawa muke ƙona abin da ƙasarmu take kuka da rashinsa.

Ayaba da agada su suka fi shan kashi. Ba su da itace a jiki, ganye ne ya nannaɗe ya yi kama da kututture, saiwarsu kuma ba ta yin zurfi. Duk sun kakkarye. Amma ita ce asarar da dattijuwar ta fi ɗauka da sauƙi: ta sare uwar, ta bar 'ya'yan da ke gindi, su kuma sukan kai ga nunan fari cikin kusan shekara guda. Ɗanyar ayabar da ta zube ba ta tafi a banza ba, domin dafa ta suke yi su ci da kifi. Abin da ta hana kowa taɓawa shi ne 'ya'yan gwanja kusa da iska ta kaɗo. Wannan bishiya daga Afirka ta Yamma aka kai ta Jamaika a ƙarni na 18, har ta zama abincin da ƙasar take tinƙaho da shi. Sai dai in ɗan bai buɗe bakinsa da kansa a kan uwa ba, akwai dafi a cikinsa mai karya sukarin jini, yana sa amai, yana kisa. A lokacin da abinci ya yi wuya kuma ga su zube a ƙasa jajaye, wannan sani rai yake ceta.

Me ake ci to, kafin bishiyoyi su dawo? Abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Rogo, dankali, gwaza da doya, iska ta yi wa ganyensu kaca-kaca amma ba ta kai ga abin da ke binne ba. Tsofaffin da suka ga guguwar Gilbert, wadda ta ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma a ranar 12 ga Satumban 1988, ba sa yarda lambu ya rasa waɗannan. Sai kuma iri. Dattijuwar ta fito da kwalabe masu murfi daga cikin ɗaki, kuma da ta zazzage su a tafin hannunta sai na ga 'yan gida: alayyahu, kuɓewa, yakuwa. Alayyahun ta fara watsawa, don cikin wata ɗaya da ɗoriya ake fara yankansa. Yakuwar kuma ta sake shukawa da gaggawa, saboda zoɓo a wurinsu abin shan Kirsimeti ne, da citta suke haɗa shi kamar mu.

Lokacin guguwa a tekun Atilantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kowace shekara. Mai lambu a can ya san haka yake shuka, ya san haka yake ɗaga abin da ya faɗi. A ranar 28 ga Oktoban 2025 guguwar Melissa, wadda ta kai mataki na biyar, mafi tsanani, ta sauka kai tsaye a kudu maso yammacin tsibirin, ta ragargaza garin Black River, hedikwatar gundumar St Elizabeth. Bishiyoyin da aka tayar bayan Beryl ba su cika wata 16 a tsaye ba. Allah Ya kawo wa mutanen nan sauƙi.