Lungun Kambirij Inda Aka Koyi Auna Abin Da Ido Ba Ya Gani

Daga Landan zuwa Kambirij tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgin ƙasa. A tsakiyar garin muka bi wani siririn lungu mai suna Free School Lane, inda kekuna suka fi motoci yawa. Nan tsohon ginin ɗakin binciken Cavendish yake. Wani allo da ke jikin bangon ya tuna mana cewa a nan J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897.

A wannan gini mataimakinsa Francis Aston ya ƙera na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra a 1919, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1922. Jikokin wannan na'ura suna aiki har yau.

To, yaya suke aiki? Ana mai da sinadari tururi, sai a yi masa ruwan ilektiron masu tsananin gudu. Kowane duka na iya fizge ilektiron ɗaya daga ƙwayar sinadarin, ta koma mai caji, wato iyon. Wasu kuma sukan farfashe. Daga nan maganaɗisu ya karkatar da su, masu nauyi kaɗan, marasa nauyi sosai, a rarrabe su.

Mu ɗauki ferosin, wanda aka gano a 1951, ɗaya daga sinadaran da ƙarfe ke haɗe da kabon kai tsaye. Ƙwayar ƙarfe ɗaya ce tsakanin zobba biyu na kabon da haidurojin, kamar ƙwai tsakanin yanka biyu na burodin mai shayi. Nauyinsa 186, kowane zobe 65. Idan zobe ɗaya ya fita, saura 121. Idan na biyu ya bi shi, saura 56, ƙarfe tsura. Na'urar kan nuna waɗannan lambobi uku, mai bincike ya gane abin da ke gabansa.

Wannan ba wasan lissafi kawai ba ne. Dalmar da aka daɗe ana zuba wa fetur, mai lalata ƙwaƙwalwar yara, 'yar wannan dangi ce, kuma da irin wannan awo ake iya gano ta. Sai a 2021 duniya ta daina sayar da fetur ɗin mota mai dalma.

Cavendish ya ƙaura zuwa yammacin gari tun 1974. Lungun dai na nan, ɗalibai na wucewa da jakunkunansu. Ku da ke ajin kimiyya, ku riƙe ɗebewar nan: 186, 121, 56.