Tsayawa Shan Mai A Hanyar Gwarzo

 Wannan mako hanyar Gwarzo za mu bi. In an bar Kano ta Kabuga, sai a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, da Janguza, da Rimin Gado, a ratsa ƙasar Kabo, sa'an nan a isa Gwarzo, tafiyar kilomita wajen 70. Daga can hanya ta miƙe zuwa Dayi a Jihar Katsina. Ƙasar noma ce, don haka da kaka manyan motoci ba su yankewa, ɗauke da buhunan dawa da masara da gyaɗa.

To, waɗannan motoci ba fetur suke sha ba, gas suke sha, watau man da Turawa ke kira dizal. Ya sami sunan nan daga wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, da an fesa mai sai ya kama. In aka yi kuskure aka zuba masa fetur, injin ya lalace ke nan. Shi ya sa famfon gas dabam yake a gidan mai, kuma direban kirki yakan tsaya a kan mai zubawa.

Tankin babbar mota yana cin lita ɗaruruwa, saboda haka tsayawar takan daɗe. Yaron mota ya sa weji, direba ya duba taya, 'yan talla su kewaye ku da rake da dafaffen ƙwai. Ke kuwa, in tafiya ta kama ki a irin wannan mota, sauko ki koma gefe, ki riƙe hannun yaranki ƙam. Direba yana can sama, ba ya ganin ƙaramin yaro a gindin taya ko a bayan mota. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku fake a ƙarƙashinta don neman inuwa.

Saura maganar wuta. Gas ba ya saurin kamawa, amma maƙwabcinsa fetur tururinsa kaɗai ya isa ya tayar da gobara. Kada a kyasta ashana a wurin. In za ki sayo kananzir na risho ko fitila, tafi da jarkarki wadda ba ta taɓa ganin fetur ba, kuma ki guji na 'yan bumburutu na bakin hanya. Kananzir mai gauraye da fetur ya ƙone mata da yawa a ƙasar nan suna tsakiyar girki. Arha ba ta ado, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.